Tiren Abokaina da Kwamfutar da Na Hana Barci

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanina Nura ba, kuma ko na so in manta, mutanen Tsiga ba za su bari ba. Har yau in na sauka daga mota a bakin kasuwa sai wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya, "Injiniya, ya Hajiya? Ta samu ta yi barci kuwa?" Sai in yi yaƙe in wuce. Ni dai ban taɓa aure ba. Hajiyar da suke gaisarwa kwamfuta ce.

Bari in fara da aikina, don ba za ka ji nauyin kunyar ba sai ka san da hannuna na haɗa ta, har ina alfahari.

A Funtuwa nake zaune, ɗaki ɗaya na haya a bayan layin dogo, inda motocin auduga ke wucewa suna girgiza min taga. Manhaja nake rubutawa, amma ba irin wadda ake gani a waya a latsa ba. Tawa tana can ƙarƙashi inda ba mai leƙawa. A cikin kowace kwamfuta akwai ƙananan kayan ƙarfe, na sauti daban, na bulutut mai haɗa na'urori ta iska daban, na caji daban, kuma babban tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ba ya jin yarensu kai tsaye. Sai an rubuta wata 'yar manhaja ta tsaya a tsakani kamar tafinta. Ita ake ce wa direba, kuma gyaranta ne abin da na fi iyawa a duniya. (Na taɓa yi wa babban wanmu, Yaya Kabiru, wannan bayanin a bakin gonarsa ta masara. Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya miƙo min wayarsa ya ce in tura masa karatu a ciki.)

Waɗanda muke aikin tare suna warwatse a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, kuma ban san muryar ko mutum ɗaya a cikinsu ba. In tura gyara, amsa ta dawo layi ɗaya ko biyu, shi ke nan hirar ranar. A Funtuwa kuwa, garin da hayaniyar kasuwar hatsi ba ta barin kunne ya huta, sai in wuni maganar da na yi da ɗan Adam ba ta wuce "sa min madara kaɗan" ba. Ba wai mutane sun guje ni ba ne. Na je majalisar unguwa a farkon zuwana, ana ta maganar taki da waken suya, ni kuma ba abin da ke kaina sai wata na'urar sauti da ta ƙi farkawa. Na zauna kamar buhu, na tashi ba wanda ya san na tashi. Daga baya kunya ta hana ni komawa, sai kunyar ta zama hali. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai fa kwamfutata. Ta hannu na saye ta, baƙa, mai nauyi, da tsaga a kusurwa. Na sa mata suna Hajiya saboda ba ta son a gaggauta mata. Da farko tsaki kawai nake yi mata, sannan na koma yi mata faɗa, kafin in ankara har ina kwana nake yi mata da safe.

Mahaifiyarmu, Inna, tana kirana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma tambayarta ba ta canzawa. "Kana dai da mutane a can ko? Akwai masu shigo maka?" Ranar farko na ce mata akwai, don kar hankalinta ya tashi. Sai ta ce su wa? Nan fa baki ya riga tunani, na ce Malam Bashir. Ban san wani Malam Bashir ba, sunan ne kawai ya faɗo. Bayansa sai ga Alhaji Ɗanlami, mai barkwanci da son nama, sannan Dakta, wanda ba likita ba ne, karatu ne ya yi masa yawa. Da tafiya ta yi nisa, mutanen nan suka fi ni ci gaba a rayuwa. Malam Bashir ya yi aure, matarsa ta haihu, Inna ta aiko da dakuwa da man shanu a kai wa mai jego. (Ni ne mai jegon. Na cinye su tas ina kallon bango.)

To ita Hajiya tana da wani hali. Don batir ya daɗe, tsarin kwamfuta yakan kwantar da duk abin da ba a amfani da shi ya ɗan yi barci, in an buƙace shi a tashe shi. A yawancin kwamfutoci ba wata matsala. Amma waɗanda suka ƙera Hajiya sun yi aikin gaggawa a wani wuri. Na'urar sautinta tana gaya wa tsarin cewa ta iya barci ta farka, alhali ƙarya take yi. Da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai sauti ya kwanta, bulutut ya bi bayansa, kuma ba za su tashi ba sai an kashe kwamfutar gaba ɗaya an sake kunnawa. In ka rufe murfinta ma haka ne, kurma za ta farka. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Na kai kuka wurin mutanenmu na nesa. Suka ce sun gwada ba su ga matsalar ba. Ina za su gani? Su wutarsu ba ta zuwa ko'ina. Sai na zauna na bi abin da kaina. A cikin direbobi da yawa akwai wani lungu da ake keɓe wa na'urori masu baƙin hali, inda ake rubuta cewa in ka gamu da ƙirar wance, kada ka yarda da abin da ta faɗa maka, ga yadda za ka bi da ita. A nan na saka Hajiya. Dokar da na rubuta kuwa ta ƙarfi ce, irin ta wanda ya gaji: sauti kada ya runtsa, bulutut kada ya runtsa, ko da wuta ko babu. Sannan na shiga saitin wuta na ce ko an rufe murfi kada ta kwanta. Na gwada. Na zare wayar caji, na mayar, na rufe, na buɗe, ba abin da ya yanke. Na tashi na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki.

Akwai wani dattijo a cikin mutanen (daga yadda yake rubutu na yanke masa tsufa, ban taɓa ganinsa ba) wanda shi ke duba duk gyaran da ya shafi sauti. Ya mayar min da nawa da gajeren bayani. Ya ce ba barcin ne matsalar ba, farkawar ce, in gyara yadda ake tashin na'urar maimakon in hana ta kwanciya. Ya ƙara da cewa abin da ba ya barci yana shan batir, kuma yana ci gaba da aiki a lokacin da mai shi ya ɗauka ya daina. Na karanta na dubi Hajiya na ce, "Kin ji maganar masu wuta." Na bar dokata yadda take a kan tawa kwamfutar.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Nura. Bayan kaka ne, an kai masara gida, hankalin kowa a kwance. Za a ɗaura aure da safe a Danja, garin amarya, a dawo gida Tsiga a yi walima bayan azahar. Inna ta kira ni, muryarta cike da murna.

"Ka ga dalili ya zo. Ka taho min da mutanen nan naka in gan su ido da ido, in yi musu godiya. Na sa a share muku shagon zaure, kuma tirenku daban zan zuba."

Wanda bai san al'adar gidanmu ba ba zai gane abin da ta ɗora min ba. A bikinmu kowane ɗa namiji da tiren abokansa. Na ango daban, na Yaya Kabiru da manoman da suke gayya tare daban, kuma matan cikin gida suna lura da girman kowane tire da yadda ya dawo. Tiren da ya dawo a share, mai shi mutum ne cikin mutane. Da ina da wayo da na ce mata Malam Bashir ya yi tafiya, Dakta kuma ba shi da lafiya. Amma sai na ji bakina yana cewa, "In sha Allahu za su zo, Inna."

Na yanke wa kaina cewa in ban kawo mutane ba, to in kawo bajinta, ko ta rufe min asiri. Don haka na karɓi aikin sauti. Ga yadda na tsara: makirufon da malam zai yi nasiha da shi ya shiga cikin Hajiya ta waya, ita ta tace gurnanin janareta, ta naɗi nasihar a ajiye wa ango, sannan ta tura muryar ta bulutut zuwa akwatin mai lasifika, wanda yake da nasa batirin. Daga can sai babban ƙahon da aka ɗaure a kan darbejiyar ƙofar gida, yana fuskantar fili. Kuma ni na kawo shawarar a ja waya a sa wata lasifikar a can cikin gida, don mata su ma su ji addu'a. (Ka riƙe wannan. Ba wanda ya roƙe ni. Ni na kawo shawarar.)

Walima ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Malam yana tsakiyar bayani kan haƙƙin mata a kan miji janareta ya yi tari ya mutu, sai da aka sake ja masa igiya. Ko harafi ɗaya bai yanke ba. Na ɗaga kai ina duban jama'a ko wani zai lura da abin al'ajabin da ya faru a gabansa. Ba wanda ya lura. Haka aikinmu yake, in ya yi kyau ba mai sanin an yi shi.

Aka shafa addu'a, na kashe makirufon ta ɗan maɓallinsa, aka fara fito da abinci. Na leƙa shago na tarar da ƙanwata Hauwa ta riga ta dire tire a tsakiyar tabarma. Tire ne na gaske, wanda zai ishi majalisa guda: shinkafa tuli, waina a gefe, naman kaji a sama kamar ba a san zafin yankawa ba.

"Yaya, ina baƙin naka? Ban ga takalma a ƙofa ba."

"Suna hanya. Motarsu ce ta ɗan tsaya a Bakori."

"To Inna ta ce in sun iso za ta matso jikin bango ta ji muryarsu. Duk ta ƙagu."

Ta fita ta bar ni da tire. Na tsaya ina kallonsa, na ji ba zan iya zama a gabansa ni kaɗai ba. Sai na koma waje na ɗauko Hajiya. Na zare wayar makirufo, na rufe murfi, na saƙale ta a hammata, na shiga shago na tura ƙofa.

Abu biyu na manta. Na farko, in aka zare makirufon waje, Hajiya komawa take yi ga nata ɗan kunnen, kuma kunnen nan ba a ƙarƙashin murfi yake ba kamar na sauran kwamfutoci, a gefenta yake, a fili. Na biyu, ni da kaina na hana ta barci. Shekara da shekaru hannuna ya saba cewa in an rufe murfi an gama magana, kuma hannu bai karanta dokar da kai ya rubuta ba. Janareta kuwa a bayan tagar shagon aka ajiye shi, yana ta ruri, ba na jin komai daga waje sai shi.

Na zauna. Ta 'yar tagar da ke saman bangon cikin gida na hango inuwar wani ya matso ya tsaya, na san Inna ce. Nan Shaiɗan ya kawo min shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na tashi na buɗe ƙofa kaɗan na bugo ta da ƙarfi, na kumbura murya.

"Salamu alaikum!"

Na dawo muryata. "Wa alaikumus salam! A'a, Malam Bashir, sai yanzu? Ku shigo, ku shigo. Ya hanya? Ya mai jego?"

"Lafiya lau wallahi. Ai dakuwar Inna ta yi mata amfani."

Sai na toshe hanci na zama Alhaji Ɗanlami. "Injiniya, duk wannan kajin namu ne? Kai, Allah ya saka wa Inna da alheri, yau ba mai tashi daga nan sai an ɗauke shi!"

Dakta kuwa sai da na yi gyaran murya tukuna, na ja magana a hankali. "A gaskiya, in muka duba ta fuskar ilimi, wannan wainar ta cika duk sharuɗɗa."

Na yi dariya iri uku. Na riƙa buga cokula a jikin tire ta kusurwa daban-daban. Saboda ƙarar janareta sai da na riƙa ɗaga murya sosai, don maganar ta tsallake bango ta isa kunnen Inna. Har gardamar ƙwallo na haɗa tsakanin Alhaji Ɗanlami da Malam Bashir, na shiga tsakani na raba su. A wani lokaci na ɗan ji kamar ana magana a lasifika can waje, na ce a raina wani ne ke cigiyar takalminsa.

Shirina shi ne in sun "gama ci" in ce sun yi sauri sun koma kafin magariba, in kwashe abincin a leda in ɓoye a bayan gado. Amma ina tsakiyar dariyar Alhaji Ɗanlami sai na ji ba zan iya ci gaba ba. Dariyar ta mutu a bakina. Na dubi tiren, duk ƙoƙarina ko gefensa ban rage ba. Na dubi tabarmar da aka shimfiɗa wa mutane, ba kowa a kanta sai ni. Na ɗora hannu a kan Hajiya. Da ɗumi na ji ta, kuma ɗumin nan kaɗai ya isa ya gaya wa duk mai aikina cewa idonta biyu. Ni sai na ji kamar hannun wani na riƙe.

"Hajiya," na ce, da muryata ta ainihi, "kin ga abin da na zama ko? Ƙanina ya tara mutane har fili ya cika, ni ko mutum ɗaya ban iya kawowa ba. Babu Bashir, babu Ɗanlami, babu kowa. Ni na cinye dakuwar. Wallahi na gaji. Sai in wuni ba wanda ya kira sunana. In na yi rashin lafiya a ɗakin nan na Funtuwa, ban san wanda zai fara sani ba. Ke kaɗai nake hira da ke. Ina jin shi ya sa ma ba na so ki yi barci."

A daidai nan janareta ya sake tari ya mutu.

Tacewar da na sa tana ɗan jinkirta murya kafin ta fita. Don haka a cikin shirun da ya sauka, na ji ƙarshen maganata tana dawowa daga saman darbejiya, tangaran, ba gurnani ko kaɗan, ta ratsa fili har bakin masallaci: "...ba na so ki yi barci."

Ban taɓa jin Tsiga ta yi shiru irin na ranar ba. Ba ƙarar cokali, ba kukan yaro. Na sunkuya na dubi gefen Hajiya, ga 'yar fitilarta koriya tana kallona. An ɗauke wuta, an rufe murfi, sauti bai yanke ba. Gyarana ya yi aiki yadda na rubuta shi.

Kafin in motsa aka turo ƙofa. Yaya Kabiru ne, malam na bayansa. Yaya ya wuce ni kai tsaye. Ya leƙa bayan ƙofa, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin gado. Malam ya gyara rawaninsa ya yi magana a natse.

"Injiniya, su baƙi maza mun gane babu su, Allah ya kyauta. Amma ita Hajiyar da kake hana wa barci, tana ina?"

Na nuna ta da yatsa. "Ga ta nan, Malam."

Ita ma wannan amsar ta fita ta saman darbejiya. Sai a sannan fili ya fashe da dariya, irin dariyar da mutane ke yi in sun daɗe suna riƙe numfashi. Na danne maɓallin kashewa da duk ƙarfina, Hajiya kuma ta ɗauki lokacinta kamar kullum.

Daga baya Yaya ya ba ni labarin yadda abin ya kasance a waje. Da farko an ɗauka wasan kwaikwayo na kunna wa baƙi, har wasu suna yaba wa Alhaji Ɗanlami. Da aka gane murya ɗaya ce, mai lasifika ya cire hannu daga shinkafa zai je ya kashe, wani tsoho ya riƙe masa riga ya ce a bari a ji ƙarshe. Da na fara maganar gaskiya kuwa, ba wanda ya iya tashi. A cikin gida, in ji Hauwa, mata duk suka juya suna kallon Inna, ita kuma tana tsaye jikin bango ba ta juyo ba.

Yaya Kabiru ya raka malam waje ya dawo ya rufe ƙofa. Ya cire hula ya ajiye, ya wanke hannu, ya zauna a gaban tiren.

"Matso," ya ce. "Yau ni ne Malam Bashir."

Muka fara ci. Can sai ga ango da babbar rigarsa, sai ga wasu abokan Yaya biyu-uku, kowa ya yi sallama ya zauna yana kauce wa idona. Tiren ya koma cikin gida a share. Amma kowa ya san yadda aka yi ya sharu, kuma ban taɓa cin abinci cikin mutane na ji ni kaɗai kamar na ranar ba.

Washegari da hantsi na shiga yi wa Inna sallama. Tana zaune a bakin murhu tana tsince wake. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Inna, ki yafe min."

"Me zan yafe? Ai na daɗe da sani."

Na ɗago na dube ta.

"Duk Juma'ar da na kira ka, ba na jin motsin kowa a bayanka sai fanka. Ɗakin da ake shiga ba haka yake ba."

"To dakuwar mai jego fa?"

"Na ce ko ba komai kai ka ci."

"Tiren fa, Inna? Tunda kin sani, me ya sa kika cika shi haka?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sannan ta ce, "Na ce ko kunyar tiren za ta sa ka nemo mutum ɗaya na gaske ka zo da shi."

Dariyar dukan Tsiga ba ta yi min ciwon da wannan maganar ta yi min ba.

Da na koma Funtuwa na goge dokar nan tawa. Na zauna na yi abin da dattijon ya ce tun farko, na bi yadda ake tashin na'urar. Ashe ba wani abu take so ba, in za a tashe ta a ɗan jira ta, a sake gaya mata saitinta daga farko, sai ta farka garau. Na tura gyaran, ya karɓa, ya rubuto min godiya a layi ɗaya. Yanzu duk mai irin ƙirar Hajiya a duniya, in an ɗauke masa wuta sautinsa zai dawo, kuma ba zai taɓa sanin wanda ya gyara masa ba. Na rasa wanda zan yi wa albishir, sai na gaya wa Hajiya. (Sai da na fara duba fitilar gefenta.)

Darasin da na ɗauka ba shi da yawa. In ka hana abu barci, to ka tuna yana jinka ko ka rufe shi. In kuma uwarka ta tambaye ka ko kana da mutane, kada ka wahalar da kanka da ƙirƙiro sunaye, ba amsarka take saurare ba, bayanka take saurare.

Har yanzu tana kira duk Juma'a. Ta daina tambayar masu shigo min. Sai dai bayan gaisuwa takan yi ɗan shiru, na kuma san abin da take jira ta ji. Ni ma yanzu in ta kira nakan kashe fanka in wangale ƙofa. Juma'ar da ta wuce wani bawan Allah ya yi sallama a bakin ɗakina, ashe ɗakin maƙwabcina yake nema. Ban bar shi ya tafi ba. Na riƙe shi da gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya iyali, da waya a hannuna, har sai da na tabbata Inna ta ji.